Yadda Na Zama Karen Motar Jikana

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba ƙaramin wawa ba kuwa, wawa mai furfura, mai kujera a kwamiti, wanda ake ce wa Baba ana rusunawa. Na ga gara in rubuta abin da hannuna, don in na bar wa 'yan kasuwar Katako sai sun zuba masa gishiri har ni kaina in kasa gane kaina a ciki.

Ba za ka ga sunan kowa a nan ba. Wannan ma ba wayona ba ne, wata 'yar jami'a ce ta koya mini, kuma da ita zancen zai fara.

Ni mai sayar da katako ne a Jos tun babbar kasuwar Taminus tana tsaye da rufinta. Boko kuwa taɓa shi kawai na yi, kamar yadda ake taɓa tukunya a ji ko ta huce. Ban gama firamare ba mahaifina ya ce in zo in koyi abin da ake ci da shi. Amma ina iya haɗa baƙi in karanta jarida, ina jin rediyo safe da yamma, saboda haka a layinmu ni ne masanin duniya. Bayan rikice-rikicen da garin nan ya sha, da bama-baman da suka tashi a tsakiyar gari, kasuwarmu ta kafa kwamitin zaman lafiya, Musulmi da Kirista. Ba wanda ya zaɓe ni. Kujerata na ɗauka na kai na zauna, aka ji nauyin tayar da ni. Daga ranar na naɗa kaina mai gano 'yan ta'adda.

Ilimina a wannan fanni bai da tsawo. Ɗan ta'adda baƙo ne, yana da jaka, kuma ba ya taya kaya. Duk wanda ya ratsa kasuwar katako bai tsaya ya ce falanki ya yi tsada ba, to da wata a ƙasa. Da wannan ilimi na taɓa tarwatsa layinmu gaba ɗaya. Wani saurayi na gani da jaka a baya, ta kumbura, yana sauri bai kalli kayan kowa ba. Na kwarma ihu. Masu shayi suka bar tukunya, wani kafinta mai ƙiba ya hau tarin katakon da ko matashi bai isa ya hau ba. Da aka zungure jakar da doguwar sanda, sai ga kabeji da karas suna gangarawa. Ɗalibi ne ya yi cefane a Farin Gada. Har yau in na juya baya sai in ji wani yana tambayar nawa kabeji yau.

To, ran nan ciyaman ɗin kasuwa ya kawo mini wata budurwa, ya ce daga jami'a take, tana bincike kan yadda ake jan matasa zuwa ƙungiyoyin masu kashe mutane da sunan addini, da yadda za a tare abin tun bai yi nisa ba. Ya ce mata, “Ga gwaninmu nan.” A lokacin na ɗauka girmama ni ya yi. Daga baya na gane so yake ya huta da mu duka biyu.

'Yar tsaunukan nan ce, Kirista, ga natsuwa. Ta gaishe ni da kyau, ta ajiye wayarta a kan benci, ta nemi izini kafin ta ɗauki muryata, ta ce ba za ta sa sunana ko na wani a rubutunta ba. Na ce ai ni gara ta sa nawa da manyan baƙi. Ta yi dariya ta ce dokar aikin ce ta hana.

Na buɗe mata makaranta. Na ba ta darasin jaka, na ba ta darasin baƙo, na tsallake darasin kabeji. Ta saurara har na gaji don kaina. Ta dawo wani mako, ta sake dawowa. Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne irin tambayoyinta. Ni ina maganar bam da bindiga, ita tana tambayar da wa samarin kasuwa suke cin abinci, wa suke kai wa kuka in abu ya dame su, ina suke zama in an tashi daga aiki. Na ce a raina, kuɗin makarantar yarinyar nan ya tafi a banza.

Wata rana ta ce, “Baba, a ganinka me ke tsare yaro?”

Na ce, “Tarbiyya, 'yata. Ki zo gidana ki gani da idonki.”

Sai na kawo mata misalin jikana.

Uban yaron nan ɗana ne na fari. A ɗaya daga cikin rikicin garin nan ya fita da safe bai dawo da ƙafarsa ba. Yaron yana ƙarami a lokacin. Da uwar ta yi aure a wani gari, muka riƙe shi ni da tsohuwata. A hannunmu ya girma har ya zama direba, na sayi tsohuwar a-kori-kura na ba shi tuƙinta, yana kai wa mutane katako inda suke gini.

Kowa ya san abin da ke tsakanin kaka da jika: wasa ne da ba a fushi da shi. Amma nawa jikan ya wuce da saninsa. Kakarsa ba ya kiranta komai sai matata, ita kuma ta ce maigida. Ni kuwa tsoho mai ran ƙarfe, wanda ya ƙi mutuwa ya bar masa gida. Yakan sa hannu a kwanona ya ɗauke tsokar da na ɓoye a ƙarƙashin tuwo, ya ce rabon mai gida ne. In na kishingiɗa a rumfa da rana, sai in farka in gan shi da tef ɗin awo yana auna ni daga kai zuwa ƙafa, wai yana lissafin itacen kabarina kada a yi asarar falanki. Kullum tambayarsa ɗaya, yaushe za su ci gumbar sadakata. Ni ma ban bar shi ba. Na sha gaya wa 'yan matan layinmu cewa har ya yi gemu yana fitsarin kwance.

“Amma yanzu,” na ce wa Malama mai binciken, ina gyara hula, “yaro ya yi hankali. Tun wajen azumin bara ya daina duk wannan shirme. Ina kwana, lafiya lau, ya wuce. Kwanonsa daban. Ba ya zaman shayi, ba ya kallon ƙwallo. Na daɗe ina faɗa masa wata rana sai na kayar da shi, to ga shi na kayar.”

Sai na ga ta miƙa hannu ta kashe wayar.

“Baba, wannan ba na bincike ba ne. Ni da kai ne. Kakar tasa fa, yana yi mata wasan?”

Na ce ban lura ba.

“Akwai wani da yake yi wa wasa har yanzu? Ko mutum ɗaya?”

Na buɗe baki, na rasa wanda zan ambata. Sai haushi ya zo ya cece ni. Na ce, “Wato don yaro ya kama addini shi ne za ki sa shi a littafinki?”

Ta ce, “A'a, Baba. Matasa da yawa suna kama addini su ƙara kirki, iyayensu su ji daɗinsu. Ban san jikanka ba, ban ce komai a kansa ba. Amma na zauna da iyayen da 'ya'yansu suka tafi daji, kuma abin da nake yawan ji a bakinsu shi ne, kafin yaro ya tafi sai ya yanke mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce mini ya ga jaka. Cewa suke yi gida ya yi shiru, su kuma suka ji daɗin shirun.”

Na ce mata rana ta yi, ina da masu sayen kaya. Babu ko ɗaya.

Da na koma gida na tarar da tsohuwata tana tsince shinkafa. Na tambaye ta, kamar da wasa, ko mijin nata yana nan yana ba ta kuɗin cefane. Ta ajiye faifan ta dube ni.

“Sai yau ka gani?”

Ta ce ya daɗe da hana ta kiransa maigida, ya ce mata wasan jahilai ne. Ya daina cin kazar da na yanka. Ya daina bin limaminmu salla, limamin da ya koya masa alwala. Kullum abu a kunne, yana sauraron wani a waya, in ta shigo ya kife ta. Ta ce ta gaya mini ba sau ɗaya ba, ni kuma na ce hankali ne ya zo masa. Sannan ta rage murya ta ce ya ce mata nan gaba kaɗan zai tafi karatu, ta tambaye shi wane gari, ya ce ba sai ta sani ba.

Washegari na je wurin mai injin yanka katako na layinmu. Kirista ne, tsarana, tun muna samari muke tare a kasuwar nan, shi ya koya wa yaron ɗaurin kaya a mota. Na ce ya gaya mini gaskiya. Ya kashe injin, ya kakkaɓe garin katako daga gashinsa, ya ce, “Abokina, yaronka ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. In kayan na unguwarmu ne sai ya ce mota ta lalace. Kunyarka na ji.” Shi ya gaya mini akwai wani mutum da ke tara direbobi da masu lodi a wani kango bayan gareji in an yi la'asar, yana gaya musu iyayensu sun sayar da jinin 'yan uwansu, kuma duk mai ciniki da Kirista ya bar hanya.

Wato ni ina bakin kasuwa ina gadin jakunkunan baƙi, ana kwance mini jika a bayan gareji.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne dorina. Na biyu, in kai shi caji ofis da hannuna a kulle shi har ya dawo hayyacinsa. Allah ya sa kafin in yi ko ɗaya na nemi Malama. Na same ta na ce ta ba ni magani, kamar na shiga kemis.

Ta ce, “Baba, bincike nake yi, ba duba ba. Ba ni da tabbacin komai. Abin da na ji kawai zan gaya maka. Waɗanda suka yi duka, yawanci yaran sun ƙara saurin tafiya. Waɗanda suka tona wa yaro asiri a unguwa, sun rufe masa hanyar dawowa. Mutumin kangon ku kai maganarsa inda ta dace, kwamitinku da liman da hukuma, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma jikanka, mutumin can wurin zama ya ba shi da kunnen saurare. Kai ma kana da su, kuma ka riga shi sanin yaron.”

Na kai maganar mutumin gaban kwamiti a ranar. Da na miƙe wani ya ce, “Allah ya sa ba kabeji ba ne.” Na haɗiye. Mai inji ya tashi ya ba da shaida, liman ya ce shi ma ya ji ƙishin-ƙishin, aka sanar da hukuma. Kafin a kai gare shi mutumin ya ɓace. Bai tafi shi kaɗai ba. Wani mai lodi, ɗan wata mai sayar da masa a bakin kasuwa, ya bi shi. Har yau uwar takan tsayar da direbobin da suka dawo daga nesa ta tambaye su ko sun gan shi. Wayar jikana kuwa ba ta daina ƙara ba, sai ya fita waje ya amsa.

Na kwana biyu ina tunani, sai na ga ni dai abu ɗaya na iya a duniya bayan awon katako, shi ne tsokana. Na yi niyya ko zai kashe ni da shiru sai na dawo da bakin yaron nan.

Da safe ya zo zai tayar da mota ya tarar da ni a kujerar gaba, da 'yar butata da sandata.

“Lafiya?” ya ce.

“Lafiya lau, Oga. Daga yau ni ne karen motarka.”

“Ba na bukata.”

“Motar tawa ce. Mai mota ya ɗauke ni aiki, na kuma amince.”

Ya tsaya yana kallona, ya ga ba inda za ni, ya shiga ya tayar.

Ranar na fara aiki. Duk ramin da ya faɗa sai na ce, “Sannu direba, wannan ma naka ne, ka bar wa na baya ɗaya.” A cunkoson Taminus na leƙa ta taga na gaya wa mai sayar da ayaba cewa direbana yana neman mata, amma ta sani ba ya magana sai da giya. Giyar mota nake nufi, na ƙara mata bayani, kada a kai ni gaban liman. A Farin Gada na sayi kabeji ɗaya na ɗora a gaban gilashi, na ce wannan fursunana ne, a kula da shi. Na duba fuskarsa ta gefen ido. Ko gezau. Kamar ina yi wa katakon tubaifo magana.

Haka muka yi ta yi, mako ya bi mako. Mu hau tudu mu gangara, mu kai katako inda ake rufi, ya sauke ni ina riƙe masa igiya. In ya tsaya salla na tsaya kusa da shi. In wayarsa ta yi ƙara ya fita, sai in bi shi da buta kamar zan kama ruwa, in tsaya inda zai gan ni. Ban taɓa ƙwace wayar ba, ko da yake hannuna ya sha yin ƙaiƙayi. Da la'asar, lokacin da ya saba ɓacewa, sai in ƙirƙiro aiki, ko in ce ƙafata ta riƙe sai ya kai ni gida. Liman kuma ya ɗauki wata al'ada ta biyowa ta rumfarmu, ba ya yi masa wa'azi, sai dai ya tambaye shi wani abu game da mota, ko ya ce ya rage masa hanya. Ran nan a cikin motar na tambayi liman da gangan ko wasa da jika haramun ne. Ya ce shi dai bai san inda aka hana ba, muddin ba ƙarya ko cin mutunci. Na ce to batun fitsarin kwance fa? Ya ce wannan sai in tuba. Liman ya yi dariya, ni ma na yi, direba ya canza giya.

Bayana ya fara ciwo. Kujerar a-kori-kurar nan ƙarfe ne da tsumma. Tsohuwata takan shafa mini man zafi tana cewa, “Ka bari ka huta gobe.” In ce mata mutumin can da ke kiran waya ba ya hutu. 'Yan kasuwa kuwa sun samu abin yi. In mun shigo sai a ce, “Karen mota, sauko ka sa waigi!” Ina sauka in tokare tayar da icen. Ban gaya wa kowa dalili ba, ban da mai inji.

Wata rana muna dawowa daga kai kaya, muka biyo ta mahaɗar da ke shiga tsohuwar unguwarmu, wadda muka bari bayan rikici, yanzu ba Musulmi ko ɗaya a cikinta. Na ce, don in ja shi, a can ne ya taɓa gudu ba wando saboda ɗan akuya. Sai ya taka birki har kabejin da nake ɗorawa kullum a gaban gilashi ya faɗo mini a cinya.

“Kai komai wasa ne a wurinka!” Ya juyo ya dube ni. “A nan aka kashe babana. Kuna zaune da su, kuna shan shayi da su, kuna dariya. Ko sau ɗaya ba ka taɓa gaya mini yadda aka yi ba. Wasu ne suka gaya mini. Su ba su manta ba.”

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini a shekara. Ba abin dariya a cikinta, ban kuwa nema ba.

Na ce masa ban manta ba, ba kuma zan manta ba sai an sa ni a rami. Na ce ban san wanda ya kashe ubansa ba, mutumin kangon ma bai sani ba, bai san ko kamanninsa ba. Na gaya masa abin da na sani. A makon nan guda aka kashe ɗan mai inji, a wata unguwa, a hannun namu mutanen. Da aka sassauta dokar hana fita muka haɗu a kasuwa, ni da shi, ba kowa sai soja a bakin hanya. Ni ina neman itacen rufe kabari, shi yana neman falankin akwatin gawa. Babu wuta, inji ba ya aiki. Daga tari ɗaya muka zaro katakon, muka kama zarton hannu, shi a can ni a nan, muka yanka na ɗana, muka yanka na ɗansa. Da muka gama kowa ya ɗauki nasa a ka.

“Shayin da ka ga muna sha ke nan,” na ce.

Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya tayar da mota. Na so a ce a nan komai ya warware, amma washegari ma bai gaida mai inji ba, wayar kuma ta ci gaba da ƙara. Abin da ya canza kawai, wani lokaci yakan dube ta ya bar ta ta gama kukanta.

Bayan 'yan kwanaki, ina neman inda zan tura ƙafata a mota, sai na ji ta taɓa wani abu a ƙarƙashin kujera. Jaka ce, an cusa ta can ciki. Ga ni dai, gwanin jaka, wannan karon ban yi ihu ba. Na taɓa ta, tufafi ne da bargo. A gida tsohuwata ta ce ya nemi ta yafe masa duk abin da ya yi mata. Ta faɗa tana share ido da bakin zane.

Da safe na riga shi zuwa kasuwa. Mai inji yana da aikin falankin bencin wani coci da ke kan tudu, ya riga ya yi magana da wata mota. Na ce ya sallame ta, tawa za ta kai. Ya ce, “Abokina, kada ka matsa masa.” Na ce matsi ya ƙare, yau ko dai ya ɗauka ko ya tafi a gabana ina kallo, ba zan yarda in farka in ji labari ba.

Hadari ya haɗo tun hantsi, irin na garin nan mai zuwa da sanyi. Jikana ya zo, ya ga tarin falanki a ƙasa kusa da mota, ya tambayi na ina ne. Na gaya masa.

“Ba zan kai ba.”

“To, Oga. Karen mota zai kai.”

“Ba ka iya tuƙi ba.”

“Na zauna kusa da kai na ga yadda ake faɗawa rami. Sauran mai sauƙi ne.”

Ya koma ƙarƙashin rumfa ya harɗe hannu. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ni kuma na tuɓe babbar riga na kama falanki. Ɗanyen katako ne, mai nauyin tsiya. Na ɗaga gefe ɗaya, gwiwata ta ce ba da ita ba. Mai inji ya taso ya kama ɗaya gefen. Ruwa ya sauko, har da 'yar ƙanƙara tana buga kwanon rumfuna. Tsofaffi biyu, ni ina cewa ya ɗaga, shi yana cewa ai ni ne ban ɗaga ba, muka yi gaba muka yi baya kamar masu koyon rawa. Muka sa na farko. Muka sa na biyu. 'Yan layi suka taso za su taimaka, na daka musu tsawa na ce wanda ya taɓa ban yafe ba. A na uku santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin taɓo, falankin ya sauko mini a kafaɗa, mai inji yana ta kiran sunan Allah da yarensu.

Sai na ji nauyin ya tashi. Na ɗaga kai na ga jikana ya ɗauke falankin shi kaɗai ya jefa a mota. Ya juyo ya ce wa mai inji, “Baba, koma inuwa, zan ƙarasa.” Baba ya ce masa. Na ji da kunnena. Wayar tana ta ƙara a aljihunsa, ya ciro ta, ya danne ta har ta mutu, ya jefa a kujera.

Mai hankali da ya yi shiru a nan. Ni kuwa ina zaune a taɓo, ruwa yana bin gemuna, na ga ban gama aiki ba. Na ɗaure fuska na ce, “Wa ya sa ka? Bar ni in ɗauka. In na mutu a nan ka huta, ga jakarka can a ƙarƙashin kujera, sai ka yi tafiyarka ba mai bin ka da buta.”

Ya tsaya da falanki a kafaɗa. Ya dube ni daga kai zuwa ƙafa, a hankali, irin kallon da yake yi mini in yana riƙe da tef. Sannan ya faɗi maganar da har yau ban samo amsarta ba.

“Ka mutu? Kai? Tun ina goye ake mana alkawarin gumbarka, har yau ko ƙamshi. In tafi in bar wa wa matata, wannan abin da falanki ɗaya ya kayar? Tashi ka sa waigi, tsoho mai ran ƙarfe, aiki aka ɗauke ka.”